Aikatau a Harshen Italiyanci: Lokuta, Yanayi da Matsayin Mai Magana

 

An ɗora mini in yi magana a kan aikatau a harshen Italiyanci, yadda ake juya shi daga wannan lokaci zuwa wancan, daga wannan yanayi zuwa wancan. Na san batu ne da ke kashe wa ɗalibi gwiwa tun bai fara ba. Ka buɗe kowane littafin nahawun Italiyanci ka leƙa shafukan ƙarshe, za ka tarar da jadawali a kan jadawali: yanayi 7, waɗanda ake kira modi, da lokuta 21 a ƙarƙashinsu, kuma yawancinsu da siffa shida shida. Mutane da yawa a nan suke rufe littafin. Ni kuwa abin da na zo faɗa shi ne, Bahaushe yana cikin waɗanda bai kamata wannan jadawali ya razana su ba, domin mafi yawan bambance-bambancen da yake ɗauke da su muna yin su a bakinmu kullum. Wurin da ake ajiye alamar ne ya bambanta.

Ku saurari Hausa: na zo, ka zo, kin zo, ya zo, ta zo, mun zo, kun zo, sun zo. Aikatau ɗin bai motsa ba, "zo" ne daga farko har ƙarshe. Abin da ke sauyawa shi ne ɗan lamirin da ke gabansa, kuma shi ke gaya mana wa ya yi aikin da kuma yaushe: na zo, zan zo, nakan zo, in zo. Italiyanci ya kwashe wannan aiki gaba ɗaya ya kai shi ƙeyar kalma. Parlare, wato yin magana, a lokaci mai ci: parlo, parli, parla, parliamo, parlate, parlano. Saiwar tana nan, parl-, ɗafa-ƙeya ne ke sauyawa. Shi ya sa Ba'italiye ba ya buƙatar ya ce io, wato ni, kafin parlo. Wasalin ƙarshen ya riga ya faɗi mai magana. In ka ji ya ce io parlo, to yana jaddadawa ne, kamar mu ce "ni ne ke magana". Waɗanda suka zauna gaban malam suka yi sarfu a cikinku sun san wannan tsari tun tuni: katabtu, katabta, kataba, katabat. Wanda ya haddace tasrifin Larabci ya riga ya horar da kunnensa ya saurari ƙarshen kalma, kuma rabin aikin ke nan.

Aikatan sun kasu gida uku bisa ga ƙarshen siffarsu ta asali, wadda ake samu a ƙamus: masu -are kamar parlare, masu -ere kamar credere, yarda, da masu -ire kamar dormire, barci. Gidan -are ya fi kowanne yawa da bin doka, kuma shi ke karɓar baƙi. Duk sabon aikatau da zamani ya kawo can yake sauka: cliccare, chattare, postare. Gidan -ire yana da wani reshe babba da ke cusa -isc- a tsakiya: capisco, capisci, capisce, sai capiamo da capite ba tare da shi ba, sannan capiscono. Gidan -ere kuwa nan ne masu taurin kai suka taru, za mu dawo kansu.

Kafin mu wuce, akwai abu biyu na furuci da nake son ku riƙe, don duka biyun kunnen Bahaushe ya fi na Bature mai Ingilishi kama su. Na farko, inda nauyin murya ya faɗa. Parlo da nauyi a gaɓar farko, ina magana. Parlò da nauyi a gaɓar ƙarshe, ya yi magana, tun da daɗewa. Mu da muke bambanta "ya tafi" na labari da "ya tafi" na umarni ta hanyar karin sauti da tsawon wasali ba za mu ce wannan baƙon abu ne ba. Na biyu, baƙi mai shadda. Parleremo, za mu yi magana. Parleremmo, da mun yi magana. Harafin m guda ɗaya ne ya raba alkawari da sharaɗi, kamar yadda b ɗaya ya raba daba da dabba. Na ga ɗalibai masu wasu harsunan suna fama da wannan tsawon lokaci, namu kuwa da an nuna musu sau ɗaya sun kama.

Yanzu ga lissafin da ke rage nauyin jadawalin. Cikin lokuta 21 ɗin nan, 9 haɗaɗɗu ne. Ba sabuwar siffa ake haddacewa ba, ana ɗauko ɗaya daga cikin aikatau biyu masu taimako, avere ko essere, a juya shi, a liƙa masa siffar da ake kira participio passato: parlato, creduto, dormito. Wanda ya riƙe avere da essere da kyau ya samu waɗannan tara a kyauta. Sauran 12, biyar daga cikinsu ƙanana ne. Abin da ya rage na hadda ta gaske layi bakwai ne masu siffa shida shida. Wannan bai kai abin da yaro ke haddacewa a allo cikin wata guda ba.

Sai dai zaɓi tsakanin avere da essere yana da nasa aikin. Duk aikatau mai karɓau yana tafiya da avere: ho mangiato il pane, na ci burodi. Aikatan tafiya da isowa da zama da sauyin hali suna ɗaukar essere: andare, venire, arrivare, partire, restare, nascere, morire, diventare. Haka ma duk aikin da mutum ya yi wa kansa: mi sono lavato, na yi wanka. Dokar ba ta cika cif ba, domin camminare da viaggiare, takawa da yin balaguro, avere suke ɗauka duk da motsi ne. Wasu kuma suna cin gida biyu: ho finito il lavoro, na gama aikin, amma il lavoro è finito, aikin ya ƙare. Abin da ya fi jan hankalina shi ne jinsi. A Hausa muna raba namiji da mace a "ka" da "kin", da "ya" da "ta", amma "na iso" na kowa ne. Italiyanci ya juya lamarin. Parli na namiji ne da mace, parla ma haka, amma da zarar essere ya shigo, mai magana ma sai ya bayyana kansa: namiji ya ce sono arrivato, mace ta ce sono arrivata, maza siamo arrivati, mata zalla siamo arrivate. 'Yan'uwa mata, ku kula da wannan, domin littattafai da yawa siffar namiji suke sawa a misali, sai ɗaliba ta haddace ta ta riƙa faɗa a kanta.

Mu shiga shuɗaɗɗen lokaci, inda nake ganin mun fi kowa sa'a. A maganar yau da kullum lokuta biyu ne ke raba aikin: passato prossimo, wato irin su ho parlato, da imperfetto, wato parlavo, parlavi, parlava, parlavamo, parlavate, parlavano. Malamai a Turai suna ɓata makonni suna bayyana bambancinsu. Ku fassara wannan jimla kawai: dormivo quando è arrivato mio fratello. Ina barci ɗan'uwana ya iso. "Ina barci" shi ne dormivo, aikin da ke gudana, ba a nuna farkonsa ko ƙarshensa ba. "Ya iso" shi ne è arrivato, aikin da ya auku ya kammala. Hausa dama ba ta damu da agogo ba kamar yadda ta damu da ko aiki ya kammala ko yana ci, kuma wannan tambayar ce Italiyanci ke yi a nan. Imperfetto kuma shi ke ɗaukar abin da muke kira lokaci sabau idan a da ne: da bambino andavo al mercato con mia madre, ina yaro nakan je kasuwa da mahaifiyata. Wani lokaci ma'anar aikatau kanta ke juyawa. Sapevo, na sani dama. Ho saputo, na samu labari. Conoscevo, na san shi a da. Ho conosciuto, na haɗu da shi karon farko.

Ku sa kanku a ɗakin likita a Torino ko Brescia. Wani ɗan'uwanmu yana zaune, hannunsa a ƙirji. In ya ce mi fa male, yana ciwo yanzu. In ya ce mi faceva male, yana ta ciwo a baya, ya ɗauki lokaci, mai yiwuwa ya lafa. In ya ce mi ha fatto male ieri sera, ya soke shi jiya da dare, sau ɗaya. In ya ce mi fa male da tre giorni, kwana uku ke nan yana ciwo kuma bai daina ba, da lokaci mai ci, daidai da yadda za mu ce "kwana uku ina jin ciwon". Likita zai rubuta abu daban ga kowace jimla cikin huɗun nan. Wanda bai da komai a baki sai "male, male" da nuni da yatsa ya bar likita da zato. Don irin wannan ɗakin nake ɗaukar darasin nan da muhimmanci.

Imperfetto, ta fuskar hadda, shi ne mafi sauƙi a harshen. Essere ne kawai ya fita daban: ero, eri, era. Waɗanda ake ganin kamar sun karya doka, facevo daga fare, dicevo daga dire, bevevo daga bere, ba su karya ba. Sun riƙe tsohuwar saiwarsu ta Latin ne, facere, dicere, bibere, wadda siffar ƙamus ta gajarce. Akwai ɗan tarihi kuma a wasalin ƙarshe na parlavo. Tsoffin marubuta io parlava suke rubutawa, da -a, iri ɗaya da na mutum na uku. Siffa mai -o a bakin mutanen Fulorens take. Alessandro Manzoni, wanda ya fitar da littafinsa I promessi sposi a 1827, ya je Fulorens ya saurari yadda masu iliminta ke magana, ya sake gyara littafin ya fito tsakanin 1840 da 1842, kuma cikin abubuwan da ya sauya har da wannan wasali. Tasirin littafin a makarantu ya taimaka wajen zaunar da -o ɗin da kuke haddacewa yau.

Wannan ya kawo mu ga passato remoto, wanda ɗalibai suka fi tsoro: parlai, parlasti, parlò, parlammo, parlaste, parlarono. A nan gidan -ere ke nuna halinsa, amma ko taurin kan nasa yana da tsari. Prendere, ɗauka: presi, prendesti, prese, prendemmo, prendeste, presero. Siffa uku ne kawai suka kauce, ni da shi da su, kuma ukun daga saiwa ɗaya suke. Ka san presi, ka san prese da presero. Haka scrissi daga scrivere, vidi daga vedere, dissi daga dire. Wa ke amfani da shi? A arewacin ƙasar, Milan da Venis da kewaye, kusan ba a jin sa a hira, ko labarin kakanni ake bayarwa da passato prossimo ake yi. A kudu, musamman Sisili, yana nan da ransa, har abin da ya faru da safiyar yau ana iya faɗa da shi. A Tuskani ana riƙe da duka biyun, kowanne da wurinsa. A rubuce kuwa shi ne harshen tarihi da ƙagaggen labari da tatsuniya. In ina son Bahaushe ya ji ɗanɗanonsa nakan ce ya tuna da "suka": suka tashi, suka kama hanya, suka isa gari. Ba daidai suke ta kowace fuska ba, amma aikin jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya a cikin labari iri ɗaya ne. Shawarata ita ce ku koyi gane shi in kun gani a takarda, ku jinkirta koyon furta shi. Ɗan'uwansa trapassato remoto, irin su ebbe finito, ku san da zamansa kawai. Italiyawa da yawa za su yi shekara ba su furta shi ba.

Me ya sa ƙasa ɗaya ke da wannan rarrabuwa? Saboda Italiyancin da ke cikin littafi ya daɗe yana harshen alƙalami kafin ya zama harshen baki. Tushensa yaren Fulorens ne na ƙarni na 14, na Dante da Petrarca da Boccaccio. Pietro Bembo ya kafa shi a matsayin abin koyi a 1525, cibiyar Accademia della Crusca ta fitar da ƙamusinta a 1612. Amma jama'a yarukan garuruwansu suke yi. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa lokacin da ƙasar ta haɗe a 1861, kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai ke iya Italiyanci. Arrigo Castellani ya ce adadin ya kusa kashi 10. Ko wanne ka ɗauka, 'yan tsiraru ne. Makaranta da aikin soja da ƙaura zuwa biranen masana'antu da rediyo da talabijin su suka yaɗa shi. Daga 1960 zuwa 1968 wani malami, Alberto Manzi, yana koyar da manya karatu da rubutu ta gidan talabijin na RAI. Ina faɗa muku wannan ne don ku san cewa kakannin mutanen da za ku yi magana da su, da yawansu su ma koyon wannan jadawali suka yi da girmansu.

Lokaci mai zuwa da yanayin sharaɗi, futuro da condizionale, tare ake koyonsu don saiwarsu ɗaya. Asalinsu ma abin sha'awa ne. Latin yana da nasa lokaci mai zuwa, amma ya ɓace a bakin jama'a, suka koma cewa cantare habeo, wato ina da waƙar da zan yi. Kalmomin biyu suka narke suka zama canterò. Ku jera su ku gani: ho, hai, ha, hanno, sannan parlerò, parlerai, parlerà, parleranno. Avere ne ke zaune a ƙeya. Condizionale kuma shuɗaɗɗen avere ya haɗiye: ebbe da ebbero suna nan a fili cikin parlerebbe da parlerebbero. Wanda ya gane wannan ya rage wa kansa hadda biyu.

Amfaninsu ya wuce abin da sunansu ya nuna. A hira, Italiyawa sukan faɗi abin da za su yi gobe da lokaci mai ci: domani parto, gobe zan tafi. Futuro kuma sai ya koma aikin zato. Ka tambayi mutum ƙarfe nawa, ba agogo a hannunsa, ya ce saranno le tre. Ba cewa yake ƙarfe uku za ta yi nan gaba ba, cewa yake "za a yi ƙarfe uku yanzu", kamar yadda mu ma muke cewa "zai kai shekara arba'in" alhali shekarunsa na yau muke nufi. Condizionale shi ne harshen ladabi. Voglio un caffè, ina son kofi, magana ce ta yaro ko ta mai gadara. Vorrei un caffè ita ce ta baligi mai tarbiyya. Sannan ga aikin da ya fi burge ni, na 'yan jarida. In jarida ta rubuta il ministro è a Roma, ta tabbatar minista yana Roma. In ta rubuta il ministro sarebbe a Roma, ta ce ne "wai minista yana Roma", ta faɗa ta kuma zare hannunta. Abin da muke yi da "wai" su da ɗafa-ƙeya suke yi. Mai karanta jaridar Italiya bai san wannan ba zai riƙa ɗaukar jita-jita a matsayin tabbataccen labari.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi Faransanci, harshen nan zai zo muku da sauƙi ƙwarai, amma akwai wurare uku da Faransanci zai ja ku ya kayar. Na farko, in ana ba da labarin abin da wani ya ce zai yi, Italiyanci shuɗaɗɗen condizionale yake so: ha detto che sarebbe venuto, ya ce zai zo. Faransanci siffa mai sauƙi yake sawa a wurin. Sauran biyun suna cikin yanayin da zan shiga yanzu.

Congiuntivo. A nan ne Italiyawa kansu ke auna junansu. Indicativo yanayi ne na abin da mai magana ya tsaya a kai ya ce haka yake. Congiuntivo na abin da yake so ne, ko yake zato, ko yake tsoro, ko yake fata. So che è a casa, na san yana gida. Penso che sia a casa, ina jin yana gida. È ya koma sia don mai magana ya sassauta riƙonsa. Wannan shi ne wuri na biyu ga masu Faransanci, domin can bayan "ina jin" indicativo ake sawa. Ɓangaren so da umarni kuwa namu ne sak. Ba ma cewa "ina so ka zo" da "ka" irin ta "ka zo jiya". Sauti ya bambanta, kuma a jam'i abin ya fito fili: sun zo, amma ina so su zo. Voglio che vengano ke nan, ba vengono ba. Kafin su zo, prima che vengano. Don su gane, perché capiscano. Duk inda Hausa ta ce "su" maimakon "sun", ku sa ran congiuntivo, ba za ku cika kuskure ba.

Ginin sa yana da dabara. Gidan -are yana ƙarewa da -i: parli. Sauran biyun da -a: creda, dorma, finisca. Siffa ɗaya ce ga ni da kai da shi, shi ya sa a nan ake yawan dawo da io da tu don kauce wa ruɗani. Masu taurin kai kuma yawancinsu daga siffar "ni" ta lokaci mai ci suke fitowa: vengo ya ba da venga, dico ya ba da dica, esco ya ba da esca, vado ya ba da vada, faccio ya ba da faccia. Ɗan wasan barkwanci Paolo Villaggio ya gina wani ɓangare na shahararsa a kan wannan. Akawun da ya fito a matsayinsa, Fantozzi, wanda fim ɗinsa na farko ya fito a 1975, shi da abokan aikinsa sukan ce vadi da facci maimakon vada da faccia, suna ƙoƙarin yin maganar manya suna zamewa. Har yau in ɗan siyasa ya yi tuntuɓe a congiuntivo jaridu sai sun yi kwanaki a kansa. Ana yawan kukan cewa yanayin yana mutuwa. Ban yarda ba. Ya ja baya a hirar gida, inda za ka ji penso che è, amma a rubutu da ofis da gaban alƙali yana nan daram.

Shuɗaɗɗensa, parlassi, avessi, fossi, shi ke riƙe da jimlar "da". Se avessi soldi, comprerei una casa, da ina da kuɗi da na sayi gida. Se avessi studiato, avrei superato l'esame, da na yi karatu da na ci jarrabawa. Congiuntivo a gefen se, condizionale a ɗaya gefen, kuma wuri na uku ke nan da Faransanci ya saɓa. Babban kuskure shi ne a sa condizionale a gefen sharaɗin a ce se avrei. Wannan Italiyawa ba sa yafe wa junansu shi. A hira akwai gajeriyar hanya da kowa ke bi, imperfetto a gefe biyu: se lo sapevo, venivo, da na sani da na zo. Ku yi amfani da ita da abokai, kada ku kai ta takardar jarrabawa.

Ko da mutum ya ce shi ba ruwansa da maganar 'yan boko, congiuntivo zai tare shi a bakin ƙofa tun ranar farko, saboda girmamawa. Mu muna girmama babba da "ku". Italiyanci yana girmama shi da Lei, wato a yi masa magana kamar ana zancen mutum na uku: Lei parla, ba tu parli ba. Umarnin ladabi kuma congiuntivo ne tsantsa: venga, shigo, si accomodi, zauna, mi dica, ina sauraro. A nan wasulan ke musanya wuri har su rikita mutum. Ga aboki scusa, ga babba scusi. Amma ga aboki senti, ga babba senta. Hani ga aboki kuma da siffar ƙamus ake yi: non parlare. A kudu har yanzu za ku ji ana girmama tsofaffi da voi, daidai da "ku" ɗinmu. A 1938 gwamnatin Mussolini ta yi yaƙi da Lei, tana cewa baƙon abu ne, ta tilasta voi a ofisoshi da makarantu, har wata mujallar mata mai suna Lei ta koma Annabella. Gwamnatin ta faɗi, Lei ya dawo.

Sauran yanayi ukun, infinito da participio da gerundio, ba za su tsayar da mu ba. Gerundio tare da aikatau stare yana ba da aikin da ake cikin yi: sto mangiando, ina cikin cin abinci. Participio na lokaci mai ci ya kusa zama suna gaba ɗaya: cantante mawaƙi, insegnante malami.

Infinito kam, wato siffar ƙamus, ina da magana a kansa. Mutanenmu da yawa da suka isa Italiya, ko ta jirgi ko ta Agadas da Libiya da teku, sukan tsaya a kansa shekaru: io andare, io lavorare, io non capire. Ana gane su, suna samun abinci da aiki, sai su ga ya wadatar. Amma mutumin da a garinsu in ya buɗe baki a majalisa ake yin tsit, ya iya zaurance da habaici da karin magana, ya koma yana magana ba jiya ba gobe, ba "da" ba "wai", ba ya iya roƙo cikin ladabi ko ƙin abu cikin mutunci. Masu sauraronsa kuma, ko ba su yi niyya ba, sai su riƙa ɗaukarsa a matsayin da maganarsa ta ajiye shi. Wannan yana ci mini rai. Doka ma ba ta bar zaɓi ba: tun Disamba 2010 ana buƙatar matakin A2 na harshen kafin a ba da takardar zama ta dogon lokaci, tun Disamba 2018 kuma ana buƙatar B1 ga mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama. Akwai makarantun gwamnati na manya da ake kira CPIA a ko'ina cikin ƙasar, akwai jarrabawar CILS ta jami'ar baƙi da ke Siena da CELI ta Perugia. A Napoli kuwa, jami'ar L'Orientale ta daɗe tana koyar da Hausa, ɗaliban Italiya suna can suna fama da "sun" da "suka" kamar yadda kuke fama da sia da fosse.

Ga mai farawa, tsarin da nake ba da shawara bai bi jerin littafi ba. A fara da lokaci mai ci na essere, avere, andare, fare, venire, da potere, volere, dovere, domin ukun ƙarshen nan suna ɗaukar infinito a bayansu, devo andare, posso entrare, sai infiniton da mutum ya riga ya tara ya zama jari. Daga nan passato prossimo da imperfetto a tare, kada a raba su. Vorrei, scusi, senta da mi dica a haddace su tun makon farko a matsayin kalmomi, kafin a san sunan yanayinsu. Futuro da condizionale su biyo baya, sannan congiuntivo. Kuma kada a haddace layi tsirara. Kowace siffa a sa ta cikin jimlar da mutum zai buƙata da gaske, a faɗe ta da ƙarfi, a rubuta Hausarta a gefe, Hausa kai tsaye ba ta hanyar wani harshe ba, domin "da na sani" ta fi kusa da se avessi saputo fiye da duk bayanin da za a yi muku da Ingilishi.

Na ga lokacina ya cika. Akwai allo a nan, duk mai aikatau da ke ba shi wahala ya kawo mu juya shi tare.